Mai Masauki Ba Ya Ɓoye Baƙinsa

Ina zaune a Tondibiya, can gefen Yamai, inda gari yake ƙarewa lambuna su fara, a bakin kogin Isa. Sunan Zabarmanci ne, ma'anarsa baƙin dutse. Yawancin mutanen cikin birni ba su san komai a nan ba sai sansanin horar da sojoji. Idan ka kira ɗan kabu-kabu ya zo ya ɗauke ka, babu lambar gida da za ka ba shi. Sai dai ka ce ya wuce Gudel, ya miƙe, in ya ga famfo ya karya dama, sannan ya tambayi mai shayi. Haka muke kwatance, kuma haka muka saba.

Ɗan ƙanwata ɗalibi ne a jami'ar Abdou Moumouni, kuma wurina yake zama lokacin hutu. Hutu biyu ya kwashe yana haɗa wata ƙaramar manhaja ta wayar hannu. Aikinta ɗaya ne: tana nuna ƴan hanyoyin ƙafa da ke tsakanin lambuna, tana kuma nuna waɗanda ruwa yake yankewa idan kogi ya cika. Ya sa mata murya da Hausa da Zabarmanci saboda masu lambun da ba su yi lakwal ba, kuma tana aiki ko babu intanet. Taswirar da ya ɗora aikin a kanta ba shi ya zana ta daga farko ba. Ta OpenStreetMap ce, wadda kowa yake da izinin ɗauka ya yi gini a kai. Hanyoyin da babu su a ciki, shi ya bi su da ƙafa ya ƙara.

Masu amfani da manhajar ba su wuce mutum talatin ba, kuma duk ta hannu ya tura musu, waya zuwa waya. Wani dare muna shan shayi a ƙofar gida ya ce mini: "Kawu, mutanen da ke ba da irin wannan kaya kyauta, ya dace su riƙa nuna wa duniya abin da irinmu muka gina da shi a shafinsu, ko kuwa ba ruwansu?"

Na daɗe ina juya tambayar. Amsata ita ce ya dace, har ma ina ganin wani yanki ne na nauyin da ke kansu. Amma nunawar tana da sharuɗɗa, kuma wanda ba zai iya cika su ba gara ya bari. Bari in faɗi dalilaina.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka saki asalin rubutunta a fili, kowa ya duba, ya gyara, ya rarraba, bisa wani lasisi da ya fayyace haƙƙin kowa. OpenStreetMap ta ɗauki wannan aƙida ta kai ta fagen taswira. Wani ɗan Ingila mai suna Steve Coast ne ya fara ta a 2004, lokacin da taswirar hukuma a ƙasarsu sai da kuɗi da dogon izini ake taɓa ta. Duniya ta fara ganin amfaninta sosai a watan Janairun 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, lokacin da ƴan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka zana titunan Port-au-Prince cikin ƴan kwanaki, masu aikin ceto suka yi ta amfani da su. Mu ma a nan Nijar akwai matasa ƴan sa-kai da suka daɗe suna zana unguwanni da rijiyoyi da makarantu a kanta.

To amma taswira a cikin rumbun kwamfuta ba ta fitar da kowa daga ruwa. Mai lambu bai san OpenStreetMap ba, kuma ba ya bukatar ya san ta. Abin da yake taɓawa shi ne manhajar da ke cikin wayarsa. Duk wani buɗaɗɗen aiki haka yake: masu shi suna haƙa rijiya ne, amma guga da igiya wasu ke kawowa. Idan baƙo ya iso bakin rijiya da ƙishirwa aka ce masa ruwa kyauta ne, ba a nuna masa inda guga take ba, kyautar ba ta kai gare shi ba.

Wanda bai zauna bakin kogi ba zai iya ɗaukar wannan magana ta ƴan kwamfuta ce kawai. Kogin Isa sau biyu yake cika a Yamai kowace shekara. Akwai jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba, wanda ke gangarowa daga rassan da ke hannun dama irin su Sirba da Dargol da Gorouol, yana tashi cikin gaggawa. Akwai kuma ruwan Gini, wanda ke isowa a hankali lokacin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. A Satumbar 2020 jan ruwan ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba kafin nan, ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Saga, ya cinye gonakin shinkafa da lambuna. A irin wannan rana, sanin wace hanya ce ta yanke da wadda ta rage shi ne bambanci tsakanin fitar da injin ban-ruwa da barinsa ga kogi. Kuma wannan sani ba ya cikin manyan manhajojin da aka rubuta a Turai, don ba su san akwai hanyar ba.

Duk da haka, masu cewa kada a nuna suna da hujjoji, kuma ban raina su ba.

Hujja ta farko ita ce nunawa shaida ce. Ko ka rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa cewa ba ka da alhakin abin da ke cikin jerin, mutum zai ce a shafinku na gani. Ni kaina na ɗanɗana wannan. Shekaru kaɗan da suka wuce na ga wata manhajar rubuta bashi da ciniki a jerin wani shafi da na yarda da shi, na sa wa wani dattijo maƙwabcina mai sayar da irin kayan lambu. Wata shida tana aiki lafiya. Daga baya aka sabunta ta, ta cika da tallace-tallace, ta daina buɗewa sai da data, kuma lissafinsa na wata shida yana ciki. Da ya zo wurina bai ambaci sunan masu manhajar ba, bai ma san su ba. Cewa ya yi: "Malam, ai kai ka ce mai kyau ce." Na rasa abin faɗa, don gaskiya ya faɗa.

Irin wannan yana faruwa har ga manyan manhajoji. Maps.me ta daɗe tana cikin waɗanda aka fi so a tsakanin masu amfani da taswirar OpenStreetMap ba tare da intanet ba. Kamfanin Mail.ru na Rasha ya saye ta a 2014, aka buɗe asalin rubutunta a 2015, sannan a ƙarshen 2020 aka sake sayar da ita ga wasu. Sabon zubin da ya biyo baya bai yi wa masu amfani da yawa daɗi ba, har wasu daga cikin waɗanda suka ƙirƙire ta tun farko suka ɗauki tsohon rubutun suka fito da Organic Maps a 2021. Suna ɗaya ne a kan waya, amma masu shi sun canza sau biyu. Duk shafin da ya yaba mata a 2016 ya manta bai sake dubawa ba, yana ba da shaida ne a kan abin da ya riga ya zama wani abu dabam.

Hujja ta biyu ita ce son kai. Da zarar an buɗe jeri, sai a fara tambayar wa ke sama, wa ke ƙasa, me ya sa aka sa wancan aka bar ni. Aikin da aka gina kan zumuncin ƴan sa-kai yana iya tsagewa a kan irin wannan, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hujja ta uku ita ce gajiya. Yawancin buɗaɗɗun ayyuka mutane ƙalilan ne ke riƙe da su, da dare bayan sun tashi daga aikin neman abinci. Wa zai zauna yana gwada manhajojin wasu?

Duk waɗannan gaskiya ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ƙin nunawa adalci ne, wai an bar kowa daidai. Ba a bar kowa daidai ba. Idan shafin aikin ya yi shiru, baƙo zai koma ga Google Play ya rubuta "taswira", abin da zai fito masa a sama shi ne wanda ya riga ya tara miliyoyin masu saukewa ko wanda ya biya kuɗin talla. Mai rubuta manhaja a Berlin yana da taro da zai je ya yi jawabi, yana da abokai ƴan jarida, yana da katin banki da zai sayi talla, wuta ba ta ɗauke masa yana tsakiyar aiki. Yaron Tondibiya ba shi da ko ɗaya. Ƙofa ɗaya da za ta iya sa shi kusa da na Berlin ba don kuɗinsa ba, sai don aikinsa, ita ce ta masu rijiyar. Idan suka rufe ta da sunan ba sa son zaɓe, kasuwa ce za ta yi zaɓen, kuma kowa ya san wanda kasuwa take zaɓa.

Akwai asarar da aikin kansa yake yi. Na tabbata a Mopti ko Gao ko Lokoja akwai wani matashi da ke fama da matsala irin ta ɗan ƙanwata, yana shirin fara rubutu daga sifili, alhali rabin aikin an riga an yi shi a nan. Dalilin buɗe rubutu tun farko shi ne kada a maimaita wahala. Buɗaɗɗen abin da ba wanda ya san yana nan, da shi da rufaffe bambancinsu kaɗan ne.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan matsala. Fataken da suka riƙa kai shanu kudu suna dawo da goro daga Gwanja sun fuskance ta: ta yaya mai saye zai yarda da baƙon da bai taɓa gani ba? Amsarsu ita ce mai masauki, wanda ake kira fatoma. Baƙo ya sauka a gidansa a zango, ya ajiye kayansa, fatoma ya haɗa shi da dillali da mai saye, ya tsaya a tsakani idan an yi bashi. Masanin nan Abner Cohen ya yi nazarin wannan tsari a Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafinsa a 1969. Fatoma bai taɓa cewa ba zai nuna wa kowa baƙinsa ba don gudun kada wani ya ci amana. Da ya yi haka, da gidansa ya mutu. Abin da yake yi shi ne ya san wanda ya sauka, ya faɗi abin da ya sani game da shi daidai gwargwado, kuma ranar da baƙo ya yi ha'inci ya sallame shi kowa ya ji. Darajar gidan tana cikin wannan sallamar kamar yadda take cikin karɓar.

Kuma akwai buɗaɗɗun ayyukan da suka riga suka zama fatoma ba su rushe ba. DHIS2, tsarin tattara bayanan lafiya da jami'ar Oslo ta Norway ke jagoranta, wanda ma'aikatun lafiya na Nijar da Najeriya da ƙasashe fiye da 70 suke amfani da shi, yana da rumbun manhajoji mai suna App Hub. Duk wanda ya gina wani abu a kan tsarin yana iya miƙa shi, a duba bisa rubutattun ƙa'idoji kafin a saka, kuma ana bambanta abin da masu tsarin suka rubuta da kansu da abin da wasu suka kawo. F-Droid, rumbun buɗaɗɗun manhajojin Android da aka fara a 2010, ya ɗauki wata hanya da ta fi burge ni. Idan manhaja tana da talla, ko tana bibiyar mai amfani da ita, ko ta dogara da wata rufaffiyar hidima, ana manna mata alamar gargaɗi a fili, mutum ya gani kafin ya sauke. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, muddin an gaya masa rariya ce.

Ita kanta OpenStreetMap tana nunawa ta wani ɓangare. A babban shafinta akwai zubin taswira iri-iri da wasu ƙungiyoyi suka tsara, kamar na masu keke da na ayyukan jinƙai, kuma akwai rubutattun sharuɗɗan da ake bi kafin a karɓi sabo. Manhajojin waya kuwa, jerinsu yana cikin kundin wiki na aikin, inda kowa zai iya ƙara tasa. Wannan ƙofa ce a buɗe, kuma abin yabo ne. Sai dai dogon jeri da kowa ke zubawa yana kama da kasuwar da babu dillali: kaya na nan, amma baƙo bai san mai rai da matacce ba.

To wane irin jeri nake nufi? Kada a sa kalmar "mafi kyau" a ko'ina. A faɗi abin da za a iya tabbatarwa kawai: wa ya rubuta manhajar, wane lasisi take ɗauke da shi, tana aiki babu intanet ko ba ta yi, tana da talla ko babu, ina take kai bayanan mai amfani, da waɗanne harsuna take magana, kuma nauyinta nawa ne. Wannan na ƙarshe yana iya zama ƙaramin abu a Oslo. A nan, inda mutum ke sayen data ta dala ashirin ko arba'in, kuma wayarsa ta cika da saƙonnin murya na WhatsApp, shi ne abu na farko da za a tambaya.

A sa ranar da aka duba kowace manhaja a gefenta. Wadda ta shekara ba a sake dubawa ba ta sauka da kanta zuwa jerin tsofaffi, ba sai an yi rigima da kowa ba. Wadda ta canza hannu a sake duba ta kamar sabuwa. Da an yi haka, da maƙwabcina bai rasa lissafinsa ba, ko aƙalla da na ga gargaɗi kafin in buɗe baki. A rubuta dokar shiga da dokar fita a fili tun kafin a karɓi ta farko, don ranar da za a cire wani kada ya ce ƙiyayya ce.

Maganar wa ke sama kuma, a bar mutum ya tace da kansa: ta ƙasa, ta harshe, ta irin aiki. Wanda ya zaɓi "Hausa" da "babu intanet" zai ga ƴan kaɗan ne, kuma a cikinsu ƙaramar manhajar lambu za ta fito fili. Idan ana son a haskaka wata a fuskar shafi, a riƙa juyawa kamar adashi, kowa ya san ranar kwasarsa. Abin da bai kamata a taɓa yi ba shi ne sayar da matsayi. Ranar da fatoma ya fara karɓar kuɗi don ya yabi baƙo, ya zama ɗan talla, kuma maganarsa ta daina tsada.

Saura hujjar gajiya, wadda ita ce mafi nauyi. A nan laifin ya dawo kanmu. Ba daidai ba ne mu zauna a Yamai ko Kano ko Maraɗi muna jiran wani ɗan sa-kai a Faransa ya gwada manhajar da ke magana da Zabarmanci. Ba zai ji abin da take faɗa ba, kuma bai san ko hanyar da ta nuna tana nan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan muna son a nuna namu, mu miƙa hannu mu ɗauki aikin dubawa. Ƙungiyoyin ƴan taswira na gida, da ɗaliban kwamfuta na jami'o'inmu, da cibiyoyin renon sana'o'i irin CIPMEN a Yamai, suna iya cewa: duk abin da ya fito daga yankinmu mu za mu gwada, mu sa hannu, mu sake dubawa bayan shekara. Babban aiki ya ba da wuri da ƙa'ida, na gida su ba da ido. Ta haka nauyin ba zai taru a wuyan mutum uku ba.

Na kuma gaya wa ɗan ƙanwata abin da bai so ji ba. Kafin ya nemi a nuna shi, ya shirya a gan shi. Ya saki rubutun manhajarsa a fili da lasisi bayyananne. Ya rubuta cewa taswirar ta masu ba da gudummawar OpenStreetMap ce, kamar yadda lasisinsu na ODbL ya wajabta. Ya faɗi ranar da ya bi kowace hanya da ƙafa, don hanyar da ta tsira a ruwan bara ba lallai ta tsira a na bana ba, kuma taswirar da ta tsufa tana iya kai mutum cikin ruwa yana ganin tudu ne. Sannan ya nemo wanda zai riƙe aikin idan ya gama karatu ya tafi neman aiki Kwatano ko Abija. Baƙon da ke son fatoma ya tsaya masa, shi ma akwai abin da ake bin sa.

Ya yi shiru, ya zuba shayi na uku, ya ce: "Wato Kawu, aikin bai ƙare ba ke nan." Na ce masa yanzu ma ya fara. Washegari da sassafe na hango shi ya nufi bakin kogi da waya a hannu, zai sake bin hanyar da ke bayan lambun mangwaro, wadda ya ce tun sanyin bara bai taka ta ba.

Allah ya raba mu da ambaliya, ya sa abin da yaranmu ke ginawa ya kai ga masu bukatarsa.